Amsa ga ɗana kan yaran da ake kawowa filin Greensboro

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da maiɗakinka da yara kuna lafiya. Saƙonka ya same ni. Ka ce abokin aikinka ya kai ka kallon besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda, a filin Grasshoppers, ƙungiyar garinku Greensboro a Amurka, ka ga jama'a sun zuba wa wani yaro sabon zuwa ido, ana ta faɗin lambar da aka ɗauke shi a zaɓen bana da makarantar da ya fito, alhali ana cin ƙungiyar garin amma ba wanda ransa ya ɓaci. Aka kuma ce maka in yaron ya yi ƙoƙari ba zai daɗe ba za a ɗauke shi daga garin, mutanen garin kuwa murna za su yi. Ka tambaye ni wace irin al'ada ce wannan, kuma yaya ya kamata baƙo ya yi a wurin don kada ya yi abin kunya. Na ji daɗin tambayar, domin lokacin da nake zaune a garin nan filin na cikin wuraren da na fi samun natsuwa.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka shiga da idon ƙwallon ƙafa. A ƙwallon ƙafa ƙungiya tana wasa ne don ta ci kofi ko ta tsira daga faɗawa rukunin ƙasa, kuma in an sayar da gwaninta magoya baya sai sun yi kwana da kwanaki suna fushi. Grasshoppers ba haka take ba. Ba ta hawa, ba ta faɗuwa, kuma 'yan wasan ba nata ba ne. Tun 2019 na ƙungiyar Pirates ta birnin Pittsburgh ne: ita ke ɗaukar su, ita ke biyan su albashi, ita ke turo masu horar da su. Mutanen Greensboro nasu fili ne da tikiti da abin sayarwa. Yaran nan 'yan riƙo ne. Wanda aka ba riƙon ɗan ɗan'uwansa ya san ranar da za a zo a tafi da shi, kuma abin alfaharinsa shi ne a ce yaron ya tashi da kyau a hannunsa. Da wannan zuciyar tsofaffin 'yan kallon nan ke zuwa.

Ga yadda yaro ke isowa. Kowace shekara a watan Yuli ƙungiyoyi 30 na babban rukuni, wato gasar ƙoli ta besbol a Amurka da Pirates ke cikinta, suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga Amurka da Kanada da Puerto Rico, waɗanda suka gama sakandare ko suka yi shekara uku a jami'a. Tun 2021 zagaye 20 ake yi. A da 40 ne. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi bara su ke samun zaɓen farko, sai dai yanzu ƙuri'a ake jefawa a kan gurabe shida na sama. Wanda aka ɗauka sai ya bi tsani. Na Pirates yana farawa daga sansaninsu na Bradenton a Florida, sai ƙungiyar Marauders a garin, sai Greensboro, sai Altoona a Pennsylvania, sai Indianapolis, sannan Pittsburgh. Garinku ke nan a tsakiyar tsanin. Yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da kake jin suna magana da Sifaniyanci ba ta wannan zaɓe suke shigowa ba, tun suna shekara 16 ake sa musu hannu a takarda a ƙasashensu. Ka riƙa kula da su, don su ne suka fi nisa da gida, kuma mu mun san ciwon wannan.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada ka yanke wa yaro hukunci da wasa ɗaya, ko da wata ɗaya. Wanda ya fito daga jami'a da sandar ƙarfe ya saba, a nan kuwa ta itace za a miƙa masa, wadda ba ta yafe bugun da bai zauna daidai ba. Ya saba wasa kwana uku ko huɗu a mako, a nan kwana shida ne a jere, Talata zuwa Lahadi, Litinin kaɗai ake hutawa, galibi ma a cikin bas ake yin ta. Wasa 132 ne a kakar matakinku. Wasan kansa kuma na shan kaye ne: gwanin bugu, in ya fito sau goma, sau bakwai zai koma bai yi komai ba. A tsohon filin garin nan, a 1993, wani yaro ɗan shekara 19 da ƙungiyar Yankees ta New York ta ɗauka a lamba ta shida ya yi kuskure 56 a kaka guda. Derek Jeter ke nan. Bayan shekara uku shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa a babban rukuni, ya kuma ci kofin duniyar besbol sau biyar. Duk dattijon da ka zauna kusa da shi a filin zai ba ka wannan labari, kuma shi ya sa ba su cika yi wa yaro ihu ba in ƙwallo ta suɓuce masa. In ka ji ana yin ihun, ka duba, yawanci wanda giya ta ɗauka ne. Kada ka shiga sahunsa.

Lambar zaɓe ma ba alkawari ba ce. Henry Davis shi aka fara ɗauka a duk ƙasar a 2021, da kuɗin sa hannu dala miliyan 6.5. Ya iso Greensboro a wannan bazarar, bai yi wasanni da yawa ba ya ji rauni, kuma da ya kai Pittsburgh a 2023 ya sha wahala da sanda. Mike Piazza kuwa a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, bayan an ɗauki mutum fiye da dubu, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu cafe ƙwallo a bayan mai bugu da aka taɓa yi. Mafi yawan yaran da kake gani ba za su taka babban rukuni ko sau ɗaya ba. Ni wannan ne ya sa nake tafa wa ɗan zagaye na 17 fiye da yadda nake tafa wa mai miliyoyi. Kafin yarjejeniyar 2023 mafi ƙarancin albashin matakinku dala 11,000 ne a shekara, yarjejeniyar ta kai shi 27,300. Sai a 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi ba su wurin kwana. Kafin nan iyalai ne a ƙananan garuruwa ke buɗe musu ɗaki su ciyar da su, wasu kuma su cunkushe a gida ɗaya kan katifu. A ganina an daɗe ana cin zalin yaran nan, kuma gyaran ya zo a makare.

In kana son bin yaro da ido irin na masu sani, fara da shekarunsa. Ɗan 19 da ke fafatawa da 'yan 23 yana gaba ko da alƙalumansa ba su yi kyau ba. Duba ko yana iya ƙyale mummunar ƙwallo ta wuce, ko kuwa duk abin da aka jefo sai ya kai masa duka. Kada yawan fitar da ƙwallo bayan katanga ya ruɗe ka, filin Greensboro ƙarami ne, an san shi da sauƙin wannan. A can Giancarlo Stanton ya fitar da 39 a 2008, lokacin Grasshoppers tana hannun ƙungiyar Marlins ta Florida, shi kam ya tabbata gwani, amma da yawa sun yi irin haka a filin, suka je Altoona abin ya tsaya. In kuma ka ga an cire mai jifa yana tsakiyar ƙoƙari, kada ka zargi mai horarwa. An ƙayyade masa yawan jifar da yaron zai yi tun daga sama, don a kare masa hannu. Mutanen da ke zaune bayan mai cafewa da na'urar auna gudun ƙwallo da littafi, masu farautar 'yan wasa ne na wasu ƙungiyoyi. Aiki suke yi, a gaishe su a bar su.

Wani yaron ma ba za ka gan shi ba. Paul Skenes, na farko a 2023, wanda aka ba dala miliyan 9.2, daga Bradenton aka tsallake da shi zuwa Altoona, a watan Mayun 2024 yana Pittsburgh. Konnor Griffin, na tara a 2024, ya zo Greensboro a tsakiyar kakar 2025, kafin ta ƙare ya wuce. Saboda haka in aka ce an kawo wani, kada ka ce sai wata mai zuwa.

Sauran ladubban ba su da wuya. Ana miƙewa lokacin taken ƙasa, kuma mazan wurin suna cire hula. Ka miƙe cikin natsuwa, wannan girmama masu gida ne. A tsakiyar zango na bakwai, cikin zango tara da ake raba wasan, kowa zai tashi ya miƙe jiki a yi waƙa, ku tashi da yara. In ƙwallo ta faɗo wurin 'yan kallo ka cafe, taka ce, amma babba yakan miƙa wa yaron da ke kusa, kuma wanda ya ƙwace ta daga hannun yaro ya zubar da mutuncinsa a idon kowa. Kada ka miƙa hannu cikin fili ka taɓa wadda ake wasa da ita. Sa hannun 'yan wasa na tunawa, a kan ƙwallo ko kati, kafin a fara ake nema, a bakin shinge, yara a gaba, abu ɗaya, da godiya. In mai jifa ya daɗe ba wanda ya samu bugu a kansa, ba a faɗin hakan da ƙarfi. Camfinsu ne, ba sai ka yarda da shi ba, amma ka ja bakinka.

Akwai masu sayen katin hoton sababbin yara da yawa su ajiye don farashi ya tashi, akwai kuma masu caca a waya. Ka nisanci cacar gaba ɗaya. Katin kuwa, ɗaya don yaro ya ajiye ya isa, don na ga yadda mai tara kati ke daina ganin ɗan mutum a fili, sai farashi. Ana sayar da giya, naman da ke cikin burodin nan kuma sau da yawa na alade ne, sai ka tambaya ko ku tsaya ga gyaɗa da gugguru. Wasan dare yakan ci magariba, don haka ka tafi da alwala ka nemi gefe. Da iyali, wasan ranar Lahadi ya fi, don yawanci da rana ake yin sa.

Ka faɗa wa babban ɗanka cewa ɗan Afirka na farko da ya buga a babban rukuni, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a rigar Pirates ya fito a watan Afrilun 2017, bayan shekaru yana hawa tsaninsu. Ku zaɓi yara biyu cikin na bana, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasan zaɓe, ku rubuta sunayensu, in an ɗaga su ku ci gaba da duba sakamakon Altoona. Ka aiko mini da sunayen ni ma in riƙa dubawa daga nan. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Kawunka.