Na Sayar Masa Da Hoto Ɗaya, Ya Buga Shi A Kalanda: Mene Ne Matsayina A Doka?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ni mai ɗaukar hoto ce a Kano. Da hotunan biki na fara, kamu da ɗaurin aure da suna, daga baya na shiga ɗaukar hotunan gari: marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, mahaya a Hawan Daushe. Idan an shirya baje kolin zane-zane da kayan hannu a Kano ko Kaduna ko Abuja, nakan wanke hotunan da girma, in sa su a firam, in kai in sayar. A wanda na je na ƙarshe matsaloli uku suka taso mini. Wani mai otal ya sayi hoton wani mahayi, ba a jima ba sai ga shi a kalandar otal ɗin da shafinsu na Instagram, an yanke gefen da na sa hannu. Da na yi magana ya ce ai ya biya, kayansa ne. Na biyu, cikin hotunan da na rataye akwai na wata amarya da na yi wa aiki ranar kamunta. Ban gaya mata ba. Mijinta ya ji labari, ya kira ni yana cewa in sauke ko ya haɗa ni da 'yan sanda. Na uku, masu shirya taron sun sayar da hotunana biyu, har yau ba su ba ni kuɗin ba, sun kuma dawo mini da wani gilashinsa a fashe. Ba mu rubuta komai ba. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam, malama. Allah ya yi wa sana'a albarka. A maganar mai otal gaskiya tana wajenki, kuma da ƙarfinta. A maganar amarya ba ta wajenki, ki sauke hoton nan yau, kada ki kai gobe. Dokar da ta tsaya miki a ta farko ita ce ta tsaya wa amarya a ta biyu.

Dokar ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. A ƙarƙashinta hoto aikin fasaha ne kamar zane da sassaƙa, kuma wanda ya ɗauki hoton shi ne mai shi tun daga lokacin da ya danna kyamara. Ba sai kin yi rajista ba, ba sai kin buga hatimi ba. Kariyar tana nan har shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fito da hoton ga jama'a da yardarki.

Abin da mai otal ya saya a hannunki takarda ce da firam da gilashi. Waɗannan nasa ne halak malak: ya rataya a falonsa ko a harabar otal, ya bayar kyauta, ya sayar wa wani da riba, ba ruwanki. Amma ikon sake buga hoton, da yaɗa shi a intanet, da sarrafa shi zuwa wani abu daban, wannan dukiya ce ta daban, kuma tana hannunki. Wanda ya sayi littafi a kasuwa bai sayi ikon kai shi maɗaba'a ya buga dubu ya raba ba. Sashe na 30 na dokar ya ce mallakar abin da aikin yake jikinsa ba ta mayar da mutum mai haƙƙin mallaka, kuma mayar da haƙƙin ga wani, ko ba shi lasisin da ya keɓanta gare shi shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Rashin takardar da yake damunki, a nan shi ya kamata ya dama. Shi ne zai fito da rubutun da kika sallama masa, kuma babu.

Akwai ƙofa ɗaya da lauyansa zai nemi bi, gara ki san ta tun yanzu. Lasisin da bai keɓanta ba yana iya zama da baki, har ma a fahimce shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. Saboda haka ki tuna da kyau abin da kuka faɗa wajen ciniki. Idan ya ce miki yana so ne ya yi kalanda da shi kika ce ba komai, ko ya turo saƙo yana neman hoton a waya don talla kika tura masa, matsayinki ya yi rauni. Idan kuwa ya tsaya a rumfarki, ya taya, ya biya, ya ɗauki firam ya tafi, to ba shi da madafa.

Yanke sa hannunki laifi ne na biyu mai zaman kansa. Sashe na 14 ya ba mai aiki ikon a ambaci sunansa a jikin aikinsa, da ikon hana a yi wa aikin gyaran da zai taɓa mutuncinsa. Wannan yankan yana da wani amfani gare ki. Doka tana sassauta wa wanda ya yi amfani da aiki bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zaton akwai haƙƙin wani a kai: ba a sa shi biyan diyya, sai dai ya fito da ribar da ya ci. Mutumin da ya sayi hoto daga hannun mai shi, ya ga sa hannu ya sa aka yanke, ba zai iya cewa bai sani ba. Kotu ma tana da ikon ƙara diyya idan ta ga an yi abin da gangan kuma an ci moriya.

In ya kawo miki zancen cewa wannan dokar Turawa ce, ki sanar da shi cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Na ga wannan ya saukar da mutanen da sassan doka ba su saukar ba.

Kafin ki sake yi masa magana, ki tattara hujja, domin da zarar ya ji ƙamshin lauya za a goge abin da ke shafin. Ki samo kalandar guda biyu ko uku. Ki ɗauki hoton shafin Instagram ɗin yadda kwanan wata da sunan otal za su fito. Ki adana asalin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, wanda yake ɗauke da rana da lokaci da lambar kyamarar, tare da hotunan da kika ɗauka kafinsa da bayansa a wannan hawan. Wanda yake da jerin nan shi ne ya tsaya a wurin, ba a jayayya. Ki ajiye shaidar kuɗin da ya turo. Hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta tana buƙatar takardar shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, lauyanki zai shirya miki ita. Idan da hali ki yi wa hoton rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, ana yi ta intanet. Ba ita ke ba ki haƙƙin ba, amma tana sauƙaƙa tabbatar da shi.

Daga nan sai takardar lauya zuwa ga otal ɗin, kwafi kuma ga maɗaba'ar da ta buga kalandar, don ita ma ta sake buga aikin da ba nata ba. A nemi su daina rabawa, su faɗi adadin da aka buga, su biya kuɗin amfanin da suka riga suka yi. Na Instagram kuwa kina iya cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na kamfanin da kanki, sashe na 54 na dokarmu ma ya tanadi irin wannan sanarwa ta neman a sauke abu daga intanet. Hukumar da na ambata tana karɓar ƙorafi, domin buga aikin wani don kasuwanci ba da izini ba laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri. Idan duk wannan bai yi ba, sai Babbar Kotun Tarayya. Ita kaɗai ke sauraren ƙarar haƙƙin mallaka, ba kotun majistare ba, ba kotun shari'a ba, kada wani ya ɓata miki lokaci da kuɗi a can.

Ra'ayina shi ne ki nufi sulhu mai riba. Shari'a tana cin shekaru, kuɗinta kuma yakan fi abin da kalanda ɗaya za ta kawo. Mutumin nan ya riga ya nuna yana son aikinki. Ya biya na baya, ku rubuta lasisi na shekara ɗaya, a mayar da sunanki, in yana son na baɗi ya sake biya. Amma ki shiga zaman da takardar lauya a hannu, don ya san ba roƙo kika zo ba.

Yanzu amarya. Gaskiya ne ke ce mai haƙƙin mallakar hoton kamun, ko da an biya ki. Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar Banire da NTA-Star TV Network a 2021 ta bayyana cewa fitowar fuskar mutum a hoto ba ta mayar da shi mai haƙƙin mallakarsa. Sai dai dokar 2022 ta zo da tanadi a sashe na 28 wanda masu hoton biki da yawa ba su san da shi ba. Duk wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a buga shi, ko a baje shi, ko a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi yarjejeniya da ta ce akasin haka. Hoton kamu shi ne ainihin abin da sashen yake nufi. Wannan iko na wanda ya ɗauke ki aikin ne, ko amaryar, ko iyayenta, ko angon in shi ya kira ki. Ko da ba shi ba ne, kada ki fake da wannan. Ita amaryar tana da kariyar sirri a sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, kuma hoton da ake gane fuskarta bayanin sirrinta ne a ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023.

Barazanar 'yan sanda ba ta da tushe. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda rikicin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya. Amma kada wannan ya sa ki taurin kai. An shigar da ke ɗakin mata ne bisa amana, kin ga abin da baƙo ba ya gani, kuma wannan amanar ita ce jarinki a matsayinki na mace mai kyamara a Kano. Ki sauke hoton, ki goge shi daga shafukanki, ki je wajen amaryar da kanki ki ba ta haƙuri, in da hali da wata babba da take jin nauyinta. In kin riga kin sayar da kwafi, ki faɗa musu gaskiya, ki nemi dawo da shi ki mayar da kuɗin. Nan gaba, duk hoton biki da kike sha'awar bajewa, ki nuna wa masu shi wannan hoton takamaimai, su sa hannu.

Mahayi a Hawan Daushe hukuncinsa daban. Ya fito bainar jama'a ne cikin kwalliya don a gan shi, kuma dokar bayanan sirri ta yi sassauci ga aikin jarida da na fasaha da aka fitar don amfanin jama'a. Amma rataya hotonsa a baje koli ba ɗaya ba ne da sa fuskarsa tana tallar otal, wannan ma dalili ne da zai sa ki nesanta kanki da kalandar nan a rubuce. Marinin Ƙofar Mata da kika tsaya kansa kika ɗauki fuskarsa, ki nemi yardarsa, ki gaya masa sayarwa za ki yi, ki kai masa kwafi. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 sai da yardar iyaye ko mai kula da su. Ina roƙonki musamman a kan almajirai: ana yawan sayar da hotunansu a irin waɗannan tarurruka, ba wanda ya tambaye su, ba wanda ya tambayi iyayensu ko malaminsu.

Masu shirya taro maganarsu mai sauƙi ce. Yarjejeniyar baki yarjejeniya ce, tabbatar da ita ne wahala. Kuɗin hotuna biyun naki ne, la'adarsu kawai za su cire. Gilashin da ya fashe kuma kaya ne da kika ba su ajiya, wanda ya karɓi ajiya shi zai nuna bai yi sakaci ba. Ki tura musu saƙo a rubuce mai ɗauke da sunayen hotunan, farashinsu, la'adar da kuka yi magana, da ranar da kike so a biya. Amsar da za su bayar ita ce hujjarki, domin da wuya su ce ba su karɓa ba, sai dai su nemi lokaci. In sun ƙi, wannan bashi ne na yau da kullum. Kotun ƙananan basussuka ta Kano, wadda ta fara aiki a 2019, an kafa ta ne don irin wannan, kina iya tsayawa da kanki ba lauya. In a Kaduna ko Abuja aka yi taron kuma can suke zaune, can za ki shigar.

Kafin baje koli na gaba ki buga takardu biyu. Ta farko takardar miƙa kaya, wadda za ta jera kowane hoto da girmansa da farashinsa, la'adar masu taro, ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in wani abu ya lalace ko ya ɓata, ku sa hannu ku biyu lokacin miƙawa da lokacin karɓa. Ta biyu rasit mai sunanki, a ƙasansa a rubuta da Hausa da Turanci cewa an sayar da wannan kwafi ne don ratayawa, haƙƙin sake bugawa da yaɗawa yana hannun mai ɗauka. Ki manna wannan jimla a bayan firam ɗin ma. In kina cewa masu saye kwafi goma kacal za ki wanke na wani hoto, ki rubuta lamba a jikin kowanne, kuma ki tsaya a goman, domin wanke na sha ɗaya yaudarar mai saye ce, yana iya neman kuɗinsa. In kuma da wani suna kike kasuwanci ba sunanki na yanka ba, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 28 da fara aiki, kuma za ki buƙaci wannan rajistar ranar da otal ɗin zai biya ki kuɗin lasisi ta asusun kasuwanci.

Idan za ki je wajen lauya, ki tafi da kalandar, da wayar da saƙonnin suke ciki, da katin kyamarar ko inda kika adana asalin hotunan hawan.