Wasan kofi a ƙaramin fili: ina za mu ajiye magoya bayan baƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa a nan Jos. Allah Ya ba mu sa'a mun kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar kofi ta ƙananan ƙungiyoyi, ƙuri'a kuma ta haɗa mu da wata ƙungiya daga Bauchi. A filinmu za a buga, nan da mako uku. Filin ƙarami ne: katangar bulo, babbar ƙofa ɗaya, sai wata 'yar ƙofa ta baya da muka daɗe da toshewa, da rumfa guda mai cin kamar mutum 300. Sauran jama'a a tsaye suke kallo. Baƙin sun aiko cewa bas goma za su ciko. Kwamitinmu ya rabu biyu, wasu na cewa a hana magoya bayansu zuwa kawai, wasu na cewa a bar kowa ya shigo ya zauna inda ya ga dama, tunda kuɗin ƙofa muke nema. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Ina taya ku murna, Allah Ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya.

Ban goyi bayan ko ɗaya daga cikin ɓangarorin kwamitinku ba. Hana baƙi zuwa yana da daɗin faɗa a wurin taro, amma ranar wasa ba ya aiki. Tsakanin Bauchi da Jos tafiyar kamar awa biyu ce, wanda ya yi niyyar zuwa zai zo, sai dai ya cire rigar ƙungiyarsa ya saje da mutanenku. Ba za ku san yana nan ba sai an jefa muku ƙwallo a raga ya yi tsalle a tsakiyar 'yan unguwarku. Ga kuma abin da masu shirya wasa a Jos suke yawan mantawa: ba duk mai goyon bayan baƙi ne zai zo a bas ba. 'Yan asalin Bauchi nawa ne suke kasuwanci a Taminus, nawa ne suke zaune a Gangare da Unguwar Rogo da Bukuru? Waɗannan da Keke Napep za su zo, kuma ba su cikin lissafin kowa. Su kuwa masu cewa a bar kowa ya cakuɗu, sai su tuna wasan sili-ɗaya-ƙwale ne. Dole yau ɗaya ya fita, mai yiwuwa ma da bugun fanareti, a lokacin da rai ya gama ɓaci.

Don haka ku karɓe su, amma da adadi, da wurinsu, da ƙofarsu. Adadin kuma ƙofofin fita ne za su yanke shi, ba faɗin filin kaɗai ba.

Bari in yi maka lissafin dalla-dalla, don a nan ne yawancinmu muke yin kasada. Ƙa'idojin tsaron filayen wasa na Birtaniya, waɗanda ƙasashe da dama suke aro, sun ce a auna abu huɗu: yawan mutanen da wurin zai ɗauka, yawan waɗanda za a iya shigarwa cikin awa ɗaya, yawan waɗanda za su iya fita bayan an tashi, da yawan waɗanda za su iya fita idan wani abu ya taso. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin huɗun, shi ne adadin filin. A wurin tsayuwa, iyakar abin da suka yarda da shi mutum 47 ne a kowace murabba'in mita 10, kuma wannan ga filin da ke da matakalan siminti da ƙarafan tare jama'a ne. Ku da kuke da ƙasa zalla da igiya, ni mutum biyu nake lissafawa a kowace murabba'in mita. Ka ɗauki abin awo ka je gefen da za ka ba baƙi. Idan tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa daga igiya zuwa katanga mita 3, ka samu murabba'in mita 120, wato mutum 240. Kada ka ƙara ko ɗaya don wani ya ce ai akwai sauran wuri. Ko yaushe ido yana ganin akwai sauran wuri, har sai an fara turereniya.

Sai ƙofa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ana lissafin mutum 82 ne suke wucewa cikin minti ɗaya ta kowace mita ɗaya ta faɗin ƙofa, kuma ana so kowa ya samu hanyar fita cikin minti takwas. Idan babbar ƙofarku mita biyu ce, a takarda mutum kusan 1,300 ke nan. A zahiri ba za ta kai haka ba, domin bakin ƙofar cike yake da masu rake da masu suya da babura, ga kwata a gaba. Shi ya sa aikin farko da zan ba ku, kafin fenti, kafin buga tikiti, shi ne ku buɗe wannan ƙofar ta baya da kuka toshe. Ku kira birkila ya faɗaɗa ta ta kai aƙalla mita ɗaya da rabi, a sa mata ƙyaure mai buɗewa waje, a share abin da ke bayanta. Ita ce ƙofar baƙi, ta nan za su shiga, ta nan za su fita. Idan ba za ta buɗu ba, maganar gaskiya filinku bai dace da wannan wasa ba, sai ku nemi masu gasar su mayar da shi wani wuri, ko ku tuntuɓi masu kula da filin wasa na Rwang Pam da ke nan Jos. Babu abin kunya a nan. Gasar Kofin Tarayya ma, wadda ta samo asali tun 1945, idan ta kai matakin ƙasa a filin 'yan ba-ruwanmu ake buga wasanninta.

Nawa ne haƙƙin baƙi? Ka fara duba dokar gasarku, idan ta yi magana to an gama. Idan ta yi shiru, ga abin da ake yi a wasu wurare don ka samu madogara: a gasar kofin FA ta Ingila baƙi suna da damar neman har kashi 15 cikin 100 na tikiti, a wasannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, kuwa kashi 5 ne mafi ƙaranci. Idan filinku ya tsaya a mutum 1,200, kashi 15 ya zama 180. Ka kira takwaranka na Bauchi ka tambaye shi wace irin bas ce goman nan. Idan ƙanana ne masu cin mutum 18, kun yi daidai. Idan kosta ce mai cin 30, mutum 300 ke nan, sai ka gaya masa tun yanzu cewa ba za su shiga duka ba. Ka aika masa tikitinsu mako guda kafin wasa, da launi daban, ya sayar a can, wanda ba shi da tikiti kada ya hau mota. Ka ajiye kamar 50 a nan saboda magoya bayansu mazauna Jos, a sayar a ƙofar baya kawai.

Wajen zaɓar musu gefe, abu biyu za ka kiyaye. Kada su zama a kan hanyar da alƙalan wasa da 'yan wasa za su bi su fita, kada kuma su zama a bayan bencin ƙungiyarku. Tsakaninsu da mutanenku a bar fili na mita uku zuwa biyar babu kowa sai masu tsaro, da igiya biyu ko shingen ƙarfe irin na haya. Na fi son wannan a kan waya mai ƙaya, domin shingen da mutum ba zai iya tsallakewa ba idan wani abu ya taso, tarko ne. A Hillsborough ta Ingila, ranar 15 ga Afrilun 1989, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest, an tura jama'a cikin wuraren tsayuwa masu shingen ƙarfe har suka cika maƙil, mutum 97 suka rasa rayukansu a sanadiyyar haka. Babu faɗa a ranar, cunkoso ne kawai. Sannan ku tsince duwatsu da guntayen bulo da ke cikin filin da bakin katanga tun ana jibi wasa. Jos ba ta rasa dutse, kuma abin da ba ya kusa da hannu ba a jifa da shi.

Rumfa kuwa, a ware kujeru goma zuwa ashirin ga shugabanninsu da dattawansu da matan da suka zo, a gefen da ya fi kusa da ƙofarsu. Idan wasan ya faɗo a damina, ka san ruwan yamma na Jos ba ya sallama. Da zarar ya sauko, duk wanda ke tsaye rumfa zai nufa da gudu, rabuwar da kuka yi ta rushe cikin minti ɗaya. Ku yi hayar kanofi biyu ko uku ku kafa musu a gefensu.

Yanzu maganar jami'an tsaro, wadda ita ce na fi so ka saurara da kyau. Ku rubuta wa DPO na yankinku takarda tun wannan makon, da Sibil Difens, ku sanar da hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Filato. Amma takarda ba ta isa ba. Ka nemi a zauna a cikin filin, a zaga tare, a amince a kan abu ɗaya: ba za a harba barkonon tsohuwa a cikin katanga ba. Dokokin tsaron filin wasa na FIFA ma sun hana jami'an da ke bakin fili ɗaukar bindiga ko hayaƙin tarwatsa jama'a. A birnin Accra, ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda sun harba hayaƙi kan 'yan kallo, jama'a suka ruga suka tarar da hanyar fita a rufe, fiye da mutum 120 suka mutu. A Indonesiya a 2022 an sake maimaita irin wannan, mutum 135 suka mutu, kuma a wannan wasan an ma hana magoya bayan baƙi zuwa. Wannan ya ishi masu cewa hana baƙi shi ne zaman lafiya. Daga lokacin da mutum na farko ya shiga har na ƙarshe ya fita, kada a ga kwaɗo a jikin kowace ƙofa. A tsayar da mutum biyu a kowacce, aikinsu ke nan, ba sa kallon wasa.

Wanda zai iya tsawata wa magoya bayan Bauchi shi ne wanda suka sani. Ka nemi ƙungiyarsu ta ba ka mutum ɗaya a kan kowace bas, a ba su riga mai sheƙi irin ta masu tsaron ku, su tsaya a cikin mutanensu. Shugaban magoya bayanku da nasu su yi magana ta waya tun yanzu, su gaisa a tsakiyar fili kafin a take ƙwallo, kowa yana gani. Su kuma yarda cewa ganga da kirari da zolaya duk an yarda, amma waƙar da ta taɓa addini ko ƙabila, wanda ya fara ta za a fitar da shi, ko ɗan gidan shugaban ƙungiya ne. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a garin nan mun san yadda ƙaramar hatsaniya take canza suna kafin ta kai bakin titi, balle yanzu da kowa ke riƙe da waya.

Lokacin wasa ma ka sake dubawa. An saba da ƙarfe huɗu, amma ku roƙi a fara ƙarfe uku. Wasan kofi yana iya kaiwa fanareti, filinku ba fitila, su kuma suna da tafiya a gaba, gara su bar gari da sauran haske. A 1979 a babban filin wasa na Legas, mutum 24 ne suka mutu a turmutsutsu bayan fitilu sun ɗauke. Tunda La'asar za ta riske su a ciki, a tanadi tabarmi da butoci da ruwa a gefensu, da banɗaki ko na wucin gadi ne, da masu sayar da fiya wata da abin taɓawa, don kada wani ya samu dalilin ratsawa cikin mutanenku. Lemon kwalba a juye a kofin roba. Ku guji Juma'a saboda cunkoson masallaci. A samu 'yan agaji ko Red Cross, da mota ɗaya a ajiye fuskarta na kallon titi, direban yana kusa da ita, ya kuma san asibitin da zai nufa.

Motocinsu su haɗu a wuri ɗaya a hanyar Bauchi kafin su shigo cikin gari, wakilinku da motar 'yan sanda su jagorance su kai tsaye zuwa ƙofar baya, awa ɗaya da rabi kafin wasa. Ƙofa ɗaya mai na'ura ma mutum 660 ake lissafa mata a awa, taku ta yagar tikiti da lalube ba za ta yi wannan saurin ba. A juya motocin tun da wuri su fuskanci hanyar fita, direbobi kuma kada su ɓace.

Idan an tashi, ra'ayina shi ne baƙi su fara fita ta ƙofarsu kai tsaye zuwa cikin mota, ko sun ci ko an ci su, yayin da mai lasifika yake riƙe da mutanenku da sanarwa ko gaisuwar 'yan wasa. Idan hanyoyin ƙofofin biyu suna haɗuwa a titi ɗaya, to a juya tsarin: baƙi su dakata minti goma sha biyar zuwa ashirin har titi ya yi sauƙi. Ko wanne kuka zaɓa, a gaya musu tun a Bauchi, a sake faɗa a hutun rabin lokaci, kuma mutanensu ne za su tsayar da su, ƙofa tana buɗe. Alƙalan wasa kuma su fita da rakiyar 'yan sanda, motarsu tana cikin katanga.

Kuɗin birkila da kanofi da abincin masu tsaro ku cire shi daga kuɗin ƙofa kafin a yi rabo, ku rubuta hakan a takarda, sakatarorin biyu su sa hannu tun kafin ranar.