Kada ka sayar da damman irin nan tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka ce ya bar muku gona a hanyar Giwa da damman irin dawa a rumbu, kana tambaya ko ka sayar da su ka shuka ingantacciyar masara zalla. Shawarata, kada ka taɓa su tukuna.

Ina yaro a 1975 cutar nan da darɓa ke yaɗawa ta duƙunƙune gyaɗar Arewa. Waɗanda suka zuba gyaɗa kaɗai sun sha wuya. Gidanmu ya ci tuwo ne saboda Baba gicci yake yi: gero da ruwan fari, dawa a tsakani, wake ya biyo baya. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Wake kuma yana gyara ƙasa, ya bar wa awaki harawa.

Ba ƙin irin da masanan cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa nake ba. Ni ma ina shuka masararsu SAMMAZ da wakensu SAMPEA, suna kuma biya in taki ya samu. Amma masara mai aure kowace damina sai ka koma kanti, don in ka maimaita 'ya'yanta amfani raguwa yake. Shekarar da buhun taki ya fi ƙarfin aljihu fa? Farafara da kaura da mori sun san ƙasar nan, da takin gida ma suna yi. Kowace da ranarta: farafara don farin tuwo, dogon karanta don darni, takanda yara su sha, karan dafi dukawa su rina fata. Waken kananado yana da jinkiri, amma wa ya kai shi harawa? Su masanan ma daga irin manoma suke samo abin haɗawa, shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ke ajiye dubban nau'o'in wake.

Abin da har yau yake damuna, akwai wata jar dawa da kakata take ajiyewa, tsuntsu bai cika damunta ba. Na shagala da masara damina uku ban shuka ta ba, ranar da na waiwaya ƙwari sun gama da ita. Na tambaya har kasuwar Giwa, ban sake samun irinta ba.

Saboda haka ka ba masara rabin gona, sauran ka yi haɗi. Kowane iri ka ba shi ko da kunya biyar ce duk shekara, don iri in ya daɗe a ajiye tsirarsa raguwa take. Kafin girbi ka zaga da kanka ka zaɓi zangarniya masu cika, ka rataye a madafi hayaƙi ya tsare su. Wake a tulu da toka.

Sannan ka zauna da Hajiya ta faɗa maka sunan kowane dami, ka rubuta. Ka tambaye ta irin kuɓewa da yakuwa da gurjiya ma, galibi a ƙullin iyaye mata suke.