Wai a soke harajin riba a koma na sayen kaya: amsa ga Alhajin kasuwar Garwa

Wani Alhaji mai shagon sari a babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, sabulu da taliya da siga da man girki yake sayarwa, ya turo min saƙon murya jiya da daddare. Ɗansa da ke karatu a jami'ar Ngaundare ne ya nuna masa bidiyo a waya, wai a Amurka akwai 'yan siyasa masu son a soke harajin albashi da na riba gaba ɗaya, a bar haraji ɗaya tal wanda mutum zai biya in ya zo sayen kaya. Yaron ya ce masa Baba in aka kawo wannan nan ai kun huta da mutanen impo, wato ma'aikatan ofishin haraji, duk ɗan takarar da ya yi alkawarinsa shi ya kamata a zaɓa. Alhaji na tambaya wai gaskiya ne, kuma in da za a yi haka a nan shi riba zai ci ko faɗuwa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. Yaron bai yi maka ƙarya ba, maganar tana nan, sai dai bidiyon rabin zance ya ba shi. Tsarin sunansa FairTax, wani ɗan majalisa daga jihar Jojiya mai suna John Linder ya fara kai ƙudurin majalisarsu a 1999, kuma tun daga lokacin ake ta mayar da shi, har a 2023 Buddy Carter, shi ma ɗan Jojiya, ya sake gabatar da shi. Mike Huckabee da shi ya yi yaƙin neman tikitin takarar shugaban ƙasa a 2008, a taro in ya ce za a rufe ofishin harajin tarayya sai ka ji jama'a sun kaure da tafi. To amma shekara ashirin da ɗoriya kenan bai zama doka ba, kuma ba don ba su da wayo bane.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu tallan tsarin suna cewa harajin kashi 23 ne cikin 100. In ka zauna da kalkuleta za ka ga kayan dala 100 zai koma dala 130 a wurin biya. Yaya aka yi 30 ta zama 23? Sun ɗauki 30 ɗin sun auna ta da 130 ne, ba da 100 ba. Ba ƙarya suka yi ba a lissafi, amma mai saye a bakin kanti kashi 30 zai gani an ɗora masa. Kuma kwamitin da shugaba Bush ya kafa a 2005 don duba gyaran haraji ya yi nasa lissafin ya ce in ana so kuɗin gwamnati kar su ragu sai harajin ya kai kashi 34, ya ƙi amincewa da tsarin. Kaga tun a can gida ma ba a daidaita kan lambar ba.

Wannan lissafin ka riƙe shi don ya shafe ka kai tsaye, domin mu nan abin da yaronka ke marmari ai muna da ɗan'uwansa tun 1999, shi ne TVA, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya in an sayar. Kashi 19.25 a Kamaru, wato 17.5 na gwamnati sai ɗan ƙarin da ake ɗorawa don ƙananan hukumomi. In ka nufi Yola ko Mubi a Najeriya kashi 7.5 ne. Kayan sefa 10,000 da TVA ya zama 11,925. Sau nawa na ga ɗan kasuwa zai cire TVA daga cikin 11,925 sai ya buga kashi 19.25 a kan jimillar ya samu kusan 2,296, alhali harajin 1,925 ne kawai. Raba jimillar da 1.1925 za ka yi, abin da ya fito shi ne kuɗin kaya, ragowar na gwamnati. Wallahi wannan ɗan kuskuren na sa mutane su yi ta saka farashi a karkace shekara da shekaru ba su sani ba.

Bambancin TVA da tsarin Amurkawan shi ne wajen karɓa. TVA a kowane mataki ake tsinkar ta. Ka sayo kayan miliyan ɗaya a Duwala ka biya 192,500 a kai, ka sayar a Garwa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ka karɓi 231,000, sai ka cire wadda ka riga ka biya ka kai musu 38,500, in dai kana da faktir na gaskiya, wato takardar shaidar ciniki, mai lambar NIU ta rajistar mai biyan haraji. Shi kuwa FairTax cinikin da ke tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa babu komai a kai, duk nauyin kashi 30 ɗin yana kan mai sayar wa mutum na ƙarshe. Yanzu dan Allah Alhaji kalli kwastomominka. Mai tebur a bakin titi, mai butik a unguwa, matar da ke ƙulla siga da omo a leda tana sayarwa daga cikin gida, su ne na ƙarshen. Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓi kashi 30? Babu. Gwamnatin da ta ga kuɗi ba sa shigowa kuma ba za ta naɗe hannu ba, za ta dawo kan wanda take gani, mai babban shago mai sito mai rajista, kai kenan. Ba hutawa da mutanen impo za ka yi ba, ɗan karɓar musu haraji za ka zama, ba albashi.

Sannan wa ma zai ci moriyar soke harajin riba da na albashi a nan? Wanda yake biyan mai yawa. Daraktan kamfani, babban ma'aikacin banki, kamfanonin waya da na siminti. Ƙaramin ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara bai kai miliyan 50 ba dama ba ya cikin masu karɓar TVA, ɗan abin da aka yanka masa yake biya ya wuce. Manomin auduga da ɗan acaba da mai dako babu wani harajin albashi da za a ɗauke musu don dama babu shi. Amma duk sai sun sayi sabulu da man girki. Talaka abin da ya samu yau a kasuwa yake ƙarewa kafin magariba, don haka duk sisinsa sai haraji ya taɓa shi, mai kuɗi kuwa ya ci kaɗan ya ajiye sauran a fili da shanu da banki. Su masu FairTax sun san da wannan, shi ya sa suka ce kowane gida za a riƙa tura masa wasu kuɗi duk wata don a rage masa raɗaɗin harajin kayan masarufi. A can da kowa ke da lamba da asusun banki ana iya tunaninsa. Mu da yara da yawa a ƙauyukanmu ko takardar haihuwa ba su da ita, ta ina kuɗin za su bi su isa garuruwan kewayen Garwa irin su Fitowa ko Gashiga?

Kuma in aljihun kwastomanka ya rame kai ma ka rame. Mai butik ɗin da ke ɗaukar katan biyar zai koma uku, ukun ma ya ce a rubuta.

Ga kuma iyaka, wadda Ba'amurke ba ya lissafi da ita yadda muke yi. Kai ka fi ni sanin zuwa-zuwa, man fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage. Shekara da shekaru man Najeriya na cika kwalabe a bakin titunan Garwa da Marwa don kawai ya fi na gidan mai araha, da aka cire tallafi a can a 2023 farashin ya tashi nan take kowa ya ji a jikinsa. Haka kaya suke, ruwa ne, gangare suke bi. Yanzu ma tsakanin 19.25 da 7.5 akwai rata, ga faɗuwar naira a kai. Ka ɗaga namu zuwa 30 ka ga yadda babura za su riƙa kwana a hanyar daji. Mai gaskiyar da ya bi ta duwan, wato kwastam, ya biya komai shi zai zauna yana kallon kayansa na ƙura. Abin dariya, a tsarin nasu kayan hannu ba a ɗora musu harajin, sabo kawai, inaga 'yan gwanjo ne kaɗai za su yi walima.

Maganar zaɓe kuwa, harajin da mutum ke gani a rasit kullum yana da zafi a akwatin ƙuri'a. Kanada ta kawo nata na kashi 7 a 1991, a zaɓen 1993 jam'iyyar da ke mulki ta tashi da kujera biyu kacal a majalisa, ba shi kaɗai ya kayar da su ba amma yana cikin manyan dalilai. Maleshiya ta kawo na kashi 6 a 2015, 'yan adawa suka yi kamfe da alkawarin soke shi, suka ci zaɓen 2018, suka soke. A Kenya a 2024 cikin abubuwan da suka fito da matasa titi har da shirin ɗora kashi 16 a kan burodi. Ni misalin da na fi so in ba ka shi ne wanda ka gani da idonka. Saudiyya ba ta karɓar harajin albashi a hannun mutane, irin ƙasar da yaronka ke mafarki kenan. A 2018 suka fara karɓar irin TVA ɗinmu da kashi 5, da kuɗin mai ya faɗi a 2020 dare ɗaya aka mayar da shi 15. Tambayi duk wanda ya yi tsarabar Makka kafin da bayan nan. Su ma da rijiyoyin mai suke rufe sauran gibin, mu da me za mu rufe?

Don haka in wani ɗan takara ya zo kasuwa da wannan waƙar, kar ka yi masa gardama, tambaya za ka yi. Kashi nawa, a kan kuɗin kaya ko a cikin jimilla? Shinkafa da magani da takin zamani suna ciki ko an ware su? Patanti, wato harajin lasisin kasuwanci, da kuɗin meri na ƙaramar hukuma da na duwan su ma za su tafi ko suna nan? Don abin da na saba gani shi ne sabon haraji ya shigo, tsohon bai fita ba. Harajin tura kuɗi ta waya da aka kawo a 2022, kashi 0.2, wanne aka cire mana a madadinsa?

Abin da ya fi min muhimmanci a kanka ma ba Amurka bane, littafinka ne. In kana cikin masu karɓar TVA, kuɗin nan ba naka bane ko da suna cikin durowarka. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa mai kirki da ya riƙa juya su a matsayin jari, yana ganin ciniki ya buɗe, har ya ƙara shago, ranar da aka zo bincike aka haɗa masa na watanni da tara a kai, sai da ya sayar da mota. Ware su daban duk yamma, ranar 15 ga wata ta same ka a shirye. Kuma ka kula da bashi: kaya na fita daga shagonka da faktir harajin ya hau kanka, ko mai butik ya biya ko bai biya ba. Wanda ka san sai ya yi wata biyu kafin ya kawo kuɗi, kai ne ke biya masa TVA daga aljihunka duk tsawon lokacin, sai ka sa wannan a lissafi kafin ka ce masa ɗauka kawai.

Ka turo min faktir ɗin sayayyarka na wata uku da suka wuce da littafin masu bashi, in yaron ya zo hutu ku taho tare, shi zan ba kalkuletar ya buga da hannunsa.