Kwamfuta za ta iya nuna mini kayan da zan saro?

Malam, kana tambaya ko manhajar kwamfuta za ta iya nuna maka kayan da ya kamata ka saro da yawansu. E, za ta iya, kuma ba sai ka sayi mai tsada ba. Excel ma, wato manhajar jera lissafi, ya wadatar. Ka riƙa shigar da cinikin kowace rana: sunan kaya, adadi, kuɗin sari da na sayarwa. Daga nan PivotTable, wani sashe na Excel mai tattara lissafi ya taƙaita shi, zai fito maka da abin da ke tafiya, da wanda ya kwanta, da inda ribar take.

Sai dai ka kula da kwanan wata. Ni kayan masarufi nake sarowa a kasuwar Singa ta Kano, kuma sukari da madara a lokacin azumi suke gudu. Manhajar kuwa kalandar Bature take bi, alhali azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara: a 2024 an ɗauka 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Na bi lissafinta na makara da sari, sai da farashi ya tashi. Yanzu na ƙara layin watan Musulunci, ina kwatanta Sha'aban da Sha'aban.