Tambaya da Amsa: Sojojin Jiki da Sabbin Magungunan Ciwon Daji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana fama da sankarar mama, kuma an riga an yi mata allurar kemo sau uku. Da muka koma karo na huɗu sai aka ce a jinkirta, wai fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa. Tun daga ranar wata maƙwabciyarmu take matsa mana mu bar asibiti mu sayi wani garin magani da ake cewa yana ƙara garkuwar jiki, har tana cewa Turawa ma sun daina kemo, garkuwar jiki suke tayarwa ta cinye ciwon. Shin akwai gaskiya a wannan magana? Daga wata 'yar'uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar jinya. Maganar maƙwabciyarku tana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan ne ya sa take da haɗari, domin an ɗauko labarin wani babban ci gaba da masu bincike suka samu, aka jingina shi ga garin maganin da ba shi da alaƙa da shi ko kaɗan. Kada ku bar asibiti.

Bari mu fara da takardar gwajin jinin da ke hannunki. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda mutane ke kira sojojin jiki, a cikin ɓargo ake ƙera su, kuma lafiyayyen babban mutum yakan samu tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a cikin ɗigon jinin da bai kai kan allura ba. Wanda ya taɓa leƙa madubin ɗakin gwaji bayan an shafa jini a gilashi an rina shi zai ga jajayen ƙwayoyi sun cika fili kamar an baza gero a tabarma, sai can jefi-jefi ya hango wata ƙwaya da ta fi su girma, cikinta ya rine shuɗi-shuɗi, wata cibiyarta a dunƙule, wata kuma a rarrabe gida uku ko huɗu. Masu rarrabben cikin nan su ne suka fi yawa, su ne ke fara isa wurin da ƙwayar cuta ta shiga, kuma rayuwarsu gajera ce ƙwarai, saboda haka kullum ɓargo yana cikin aikin maye gurbinsu. Kemo kuwa yana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa ne, bai iya bambanta ta ciwon da ta ɓargo ko ta tushen gashi ba. Shi ya sa gashi ke zubewa, shi ya sa kuma sojojin ke raguwa, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, sannan su farfaɗo wajen mako na uku. Jinkirin da aka yi wa Inna kariya ce gare ta, ba alama ce ta cewa magani ya gaza ba. Akwai ma allurar da ke zaburar da ɓargo idan likitanta ya ga da buƙata. Abin da nake roƙonki ki riƙe da kyau shi ne, idan zafin jikinta ya kai 38 a ma'aunin zafi a cikin waɗannan kwanaki, a kai ta asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ana cewa masassara ce kawai.

To, ina gaskiyar da ke cikin zancen? A cikin sojojin nan akwai wata runduna da masana ke kira ƙwayoyin T, waɗanda bayan sun fito daga ɓargo sukan je wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji su sami horo, inda ake koya musu su gane ɗan gida daga baƙo. Aikinsu ya yi kama da na masu tsaron ƙofofin birni a zamanin da Sakkwato ke da ganuwa, lokacin da mai shigowa ta Ƙofar Kware ko Ƙofar Rini sai an san ko shi wane ne. Matsalar ciwon daji ita ce ba baƙo ba ne. Ƙwayar jikin mutum ce da kanta ta lalace ta ƙi daina hayayyafa, tana sanye da rigar 'yan gida, tana kuma magana da harshensu. Duk da haka sojojin sukan gane da yawa daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi su hallaka su tun ba a san da su ba, kuma shaidar hakan ita ce yadda wasu nau'o'in daji ke yawaita ga waɗanda cutar ƙanjamau ta karya musu garkuwa.

Tun a 1891 wani likitan fiɗa a birnin New York, William Coley, ya lura cewa ƙarin daji na wasu majinyata yana motsewa bayan sun yi zazzaɓi mai tsanani, har ya riƙa yi musu allurar ƙwayoyin cuta da gangan. Wasu sun samu sauƙi, wasu ba su samu ba, kuma ba wanda ya iya bayyana dalili, saboda haka aka yi watsi da hanyar shekaru da dama. Amsar ba ta fito ba sai bayan kusan shekara ɗari. A 1992 Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano wani sinadari a jikin ƙwayoyin T da aka sa wa suna PD-1, sannan a 1996 James Allison a Amurka ya nuna cewa idan aka toshe wani makamancinsa mai suna CTLA-4 a jikin ɓeraye, ƙarinsu yakan ɓace. Waɗannan sinadarai linzami ne. Allah Ya halicce su ne domin kada sojojin su wuce gona da iri su auka wa jikin da suke tsaro, amma sai ciwon daji ya koyi kama wannan linzami yana ja, dokin yana ganin abokin gaba a gabansa amma ya kasa yin sukuwa. Sabbin magungunan ba sa kashe ciwon da kansu, hannun ciwon suke ɓamɓarewa daga linzamin. An amince da na farko, ipilimumab, a Amurka a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, kuma a 2018 Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda a 2015 dajin fata ya bazu masa har hanta da ƙwaƙwalwa, ya samu irin wannan magani haɗe da fiɗa da gasa ciwon da hasken na'ura, ya kuma rayu har ƙarshen 2024 yana da shekara 100.

Ki lura da kalmar haɗe, domin a nan zancen maƙwabciyarku ya rushe. A irin sankarar maman da ake amfani da pembrolizumab, wato nau'in nan mai tsanani da aka fi samu ga matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, tare da kemo ake bayar da shi, ba a madadinsa ba. Haka ma trastuzumab, wanda tun 1998 yake taimakon mata masu nau'in da ake kira HER2, kimanin mace ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo. Sannan a yawancin nau'o'in daji, waɗanda magungunan cire linzami ke yi wa aiki ba su kai rabi ba, kuma dokin da aka sakar wa linzami yana iya tattake gonar mai shi: wasu majinyata sukan kamu da kumburin hanji ko na huhu ko na hanta, har sai an ba su maganin kwantar da garkuwar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa garkuwar jiki ba tulu ba ce da ake ƙara wa ruwa har ya cika. Babu wani gari ko shayi da aka tabbatar yana yin wannan aiki, kuma wasu haɗe-haɗen suna wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da ake buƙatar su tace kemo. Abin da ya fi amfani shi ne ki tambayi likitan Inna ko an yi wa tsokar da aka yanka daga ciwon gwajin da ke nuna nau'in ciwon, domin sakamakonsa ne ke faɗin maganin da ya dace da ita. Ki kuma nuna masa duk abin da take sha a gida, ko da jiƙo ne, ba tare da jin nauyi ba.

TAMBAYA: Likita, ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Me ya sa waɗannan magunguna suke daɗewa kafin su fito, kuma suke da tsada haka? Akwai abin da irinmu za mu iya yi a nan gida? Daga wani ɗalibi, Dundaye.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta faranta mini rai. Daga ranar da aka gano sinadari a ɗakin bincike zuwa ranar da za a ɗaura wa majinyaci ruwan maganin, akan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma ka ga na Honjo ma shekara 22 ya yi. Ana farawa da ƙwayoyin da ake reno a faranti, a koma kan dabbobi, sannan a shiga gwaji a jikin mutane mataki uku: na farko ga mutane kaɗan domin a san adadin da jiki zai jure, na biyu domin a ga ko yana aiki, na uku kuma ga ɗaruruwa ko dubbai, ana gwada shi da maganin da aka saba. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai ga gwajin mutane a hanya suke faɗuwa, kuma kamfanoni sukan ɗora asararsu a kan wanda ya tsira. Ban ɗauki wannan a matsayin cikakken uzuri ba, domin wani ɓangare na farashin ikon mallaka ne kawai ke riƙe da shi, amma gaskiya ne cewa haɗa su da wuya. Ba a dama su kamar ƙwayar farasitamol. Rayayyun ƙwayoyin halitta ne ke samar da su a cikin manyan tankuna, bisa dabarar da Georges Köhler da César Milstein suka ƙirƙiro a Kambirij ta Ingila a 1975, sannan dole su zauna cikin sanyi tun daga masana'anta har gadon majinyaci, wanda kuwa ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato da halin wutar lantarkinmu ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Mafi tsadar su ita ce hanyar da ake kira CAR-T. Ana zuƙo ƙwayoyin T na majinyaci daga jininsa, a kai su ɗakin gwaji a dasa musu sabon umarni a cikin ƙwayar gadonsu yadda za su gane tambarin ciwon, a rene su su zama miliyoyi, sannan a mayar masa. Carl June da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suna cikin waɗanda suka kai wannan aiki gaci, kuma a 2012 aka ceto wata ƙaramar yarinya mai sankarar jini a Philadelphia da shi bayan sauran magunguna sun gaza. Da aka amince da shi a 2017, farashinsa dala 475,000 ne ga mutum ɗaya. Sai dai a 2023 Indiya ta amince da nata, NexCAR19, wanda masananta suka haɗa a birnin Mumbai, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗi. Ina yawan tuna wannan idan aka ce mana irin wannan aiki ya fi ƙarfinmu.

Game da abin da za ku iya, ka tuna cewa Afirka ta riga ta ba wannan fanni gudummawa. A Uganda ne wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana dajin muƙamuƙin yara a 1958, ciwon da ke bin yankunan zazzaɓin cizon sauro, kuma daga tsokar irin waɗannan yara aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko cikin ƙwayoyin bairos da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam. Ga kuma wani abu da ya shafi aikinka kai tsaye. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani tambari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma da yawansu adadin sojojin nan masu rarrabben ciki yakan fito ƙasa a gwaji alhali lafiyarsu ƙalau. Idan aka auna su da ma'aunin da aka tsara daga jinin Turawa, ana iya hana su shiga gwajin sabon magani ko a rage musu kemo ba bisa dalili ba. Tattara sahihin ma'aunin jinin mutanenmu, da ƙwarewa wajen rina tsoka a tantance nau'in ciwo, da adana bayanan majinyata yadda ya kamata, aiki ne da ake iya yi a Asibitin Koyarwa na jami'arku, wanda ke da sashen kula da masu ciwon daji da ke karɓar majinyata daga Sakkwato da Kabi da Zamfara. Ka dage da darussan garkuwar jiki da na nazarin tsoka.

TAMBAYA: Malam Likita, na ji an ce allurar BCG ta jarirai tana maganin dajin mafitsara. Yayana masunci ne kuma ya daɗe yana fitsarin jini. Mu nemo masa ita? Daga wani bawan Allah, Goronyo.

AMSA: Malam, gaskiya ne tun 1976 ake zuba BCG cikin mafitsara ta hanyar roba domin ta tayar da sojojin jiki a wurin, amma ga wani nau'i ne da bai riga ya ci bangon mafitsara ba, bayan an kankare ƙarin, kuma a hannun likitan mafitsara kawai. Fitsarin jini ga masunci ya fi kama da tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan gulbi da madatsa, kuma tana da magani mai sauƙi da ake kira praziquantel. Tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana iya jawo dajin mafitsara, irin wanda BCG ba ta yi masa aiki. Ku kai shi a gwada fitsarinsa a kuma yi masa hoton ciki a cikin makon nan, musamman idan ya haura shekara arba'in ko yana ganin gudajin jini.