Amsa: M+S ba ita ce tayar sanyi ba

Malam, ka tambaya ko M+S ɗin da ka gani a jikin tayarka na nufin tayar sanyi ce, tunda za ka Tabuk, yankin arewacin Saudiyya da ake sanyi sosai. A'a. Alamar laka da dusar ƙanƙara ce, kuma kamfani ke buga ta saboda faɗin ramukan zanen tayar, ba don ta ci wani gwaji ba. Tayar sanyi ta ainihi tana da hoton dutse mai kai 3 da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, robarta ba ta sandarewa ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius. Sai dai kwaltar Jidda, saboda zafinta, cinye irinta take yi da wuri. Ni dai a ƙasar nan, duba inda aka rubuta Temperature a jikin tayar, wato ma'aunin jure zafinta, ka tabbata A ce, matakin da ya fi jure zafi.